Motona yana ɗigar baƙin mai, ko zan iya gyarawa a gida?

Ɗan Zariya 2: Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun da na yi bidanji, wato canjin baƙin mai, satin da ya wuce, kullum da safe sai in tarar da ɗigon baƙin mai biyu uku a kan simintin zaure, mai ɗakina har ta gaji da zuba toka. Moto 125 ne, da shi nake kai kaya Tibiri, wallahi abin ya dame ni, ga kuɗin garaji babu a hannu yanzu. Ta ina zan fara?

Malam Garba makaniki: Wa alaikumussalam ƙanena. Fara wanke ƙasan injin da kalanzir ka goge ya bushe, ka barbaɗa hoda, ka tada shi minti 5, inda hodar ta jiƙe nan ne matsalar. Amma tunda bayan bidanji ta faro ina zargin rondel ɗin bushon ƙasa (marfin da ake kwancewa a juye mai) ne, ɗan zoben ƙarfen nan, yaran garaji in sun kwance sai su maida tsohon ko ma ya faɗa cikin tasa ba su lura ba. Sayi sabo, arha ne, tare man a kwano mai tsabta ka sauya. Kar ka ɗaure da ƙarfin tsiya, in haƙoran kartar (tukunyar man injin) suka cinye aikin ya fi ƙarfin gida.

Hajiya Mokoyo: Na yarona haka ya yi, ashe mai aka cika ya wuce layi. Duba sandar awon, moto a tsaye daidai.

Ɗan Zariya 2: Na gode Malam, Hajiya na gode. Na duba, rondel ɗin babu shi kwata-kwata! Gobe in sha Allah zan leƙa Babbar Kasuwa.