An dakatar da binciken maganin da ɗana mai sikila yake ciki, me ya kamata in yi?

Mai neman shawara, daga Bajoga

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni barci tun ranar Talatar da ta gabata, musamman daga waɗanda suke aikin asibiti ko suka taɓa shiga irin wannan hali. Ina da yaro ɗan shekara 8 mai ciwon sikila, kuma wata 14 da suka wuce likitocin asibitin da muke zuwa suka yi masa awon gudun jini a jijiyoyin kai, suka ce yana cikin yaran da ake jin tsoron shanyewar ɓarin jiki ta same su. A nan ne suka sanar da mu cewa asibitin yana gudanar da bincike a kan maganin haidroksiyuriya, inda ake kwatanta shan ƙaramin awon maganin da shan matsakaicin awonsa, kuma aikin zai ɗauki shekara 3. An karanta mana takardar amincewa da Hausa, ni da mahaifinsa muka sa hannu, tun daga lokacin kuwa ba mu taɓa fashin ranar asibiti ba, ko da damina ce, ko da sai mun fito tun bayan sallar asuba don mu sami motar Gombe.

Gaskiya yaron ya ji daɗin maganin. A da ba ma rufa wata biyu ba a kwantar da mu ba, amma a tsawon wannan lokaci sau ɗaya kawai ya kwana a asibiti, har ya koma makaranta yana wasa da 'yan uwansa. Sai ga shi ranar Talata an kira ni a waya an ce an dakatar da binciken, in kawo sauran ƙwayoyin da suke hannuna ranar Litinin. Na tambayi dalili, wanda ya kira ya ce likita ne zai yi bayani, ya kashe waya. Surukata ta ce ba a karɓe magani daga hannun mutum sai an gano guba ce, kuma tun ranar ta hana a ba yaron na dare. Ni kuma ina kallonsa yana barci ina tambayar kaina ko da hannuna na cutar da shi. Don Allah, me yake sa a tsayar da irin wannan aiki kafin lokacinsa? Shin in ci gaba da ba shi maganin kafin Litinin? Kuma idan sun janye, wa zai ci gaba da duba jininsa?

Wani likitan yara, daga cikin garin Gombe

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Zan fara da abin da ba ya jiran Litinin: ki kira lambar likitan binciken da take jikin takardar da kuka sa wa hannu, yau ɗin nan, ki tambaye shi kai tsaye ko yaron zai ci gaba da shan maganin ko zai dakata. Wannan hukunci ba na wanda ya kira ki ba ne, ba kuma na gida ba ne, domin yaron da awo ya nuna yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki ba a raba shi da kariyarsa bisa zato. Idan kuma kika ga zazzaɓi, ko idonsa da tafin hannunsa sun yi fari fat, ko wani ɓangare na jikinsa ya yi rauni, ko maganarsa ta sauya, to ki kai shi asibiti mafi kusa nan take.

Game da dalili kuwa, duk binciken da aka tsara da kyau yana da kwamitin sa ido mai zaman kansa, wanda mambobinsa ba sa cikin masu gudanar da aikin, kuma su ne suke leƙa sakamakon lokaci zuwa lokaci alhali masu binciken ba su gan shi ba tukuna. Wannan kwamiti yana iya ba da shawarar a tsaya idan ya ga cutarwa, yana kuma iya ba da ita idan ya ga amfani ya bayyana ƙarara, har ya zama zalunci ne a ci gaba da hana wani rukuni abin da ya fi. Ciwon sikila kansa yana da misalai biyu sanannu. A 1995 an dakatar da babban binciken haidroksiyuriya a Amurka, mai ɗauke da manya 299, saboda an ga maganin ya rage tashin ciwo da kusan rabi. A 1997 kuma aka dakatar da wani binciken na yara 130, bayan an ga cewa ƙarin jini a kai a kai ya rage shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi 90 cikin 100 a tsakanin yaran da awon kai ya nuna suna cikin haɗari. Awon da aka yi wa ɗanki ya samo gindin zama ne daga wancan aikin da aka tsayar kafin wa'adinsa.

Akwai kuma hali na uku, wanda ya fi kama da naku: a ga cewa rukunin biyu ba su da wani bambanci, kuma ko an ci gaba ba za a sami sabuwar amsa ba. Haka ya faru a nan Arewa, a binciken da aka yi da yara 220 a asibitocin Kano da Kaduna, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda aka kwatanta miligiram 10 da miligiram 20 na haidroksiyuriya a kan kowane kilo na nauyin yaro. An tsayar da shi da wuri saboda ba a ga bambanci a yawan shanyewar ɓarin jiki ba, kuma maganin ya ci gaba da zama abin da likitoci suke rubutawa.

Ba zan ɓoye miki cewa akan tsaya saboda cutarwa ba. A farkon 2011 an dakatar da wani bincike a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, mai ɗauke da yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, bayan an ga cewa yaran da aka ɗura wa ruwa mai yawa cikin gaggawa sun fi mutuwa a kan waɗanda ba a yi wa haka ba. Abin ya girgiza likitoci, domin shekara da shekaru ana yin wannan ɗurin ana ganin taimako ne. Amma a irin wannan hali ƙa'ida ita ce a gaya wa iyaye su daina ba da magani nan take, a kuma kira yaran a duba su, ba a ce su dakata har kwana shida ba. Wannan ne ya sa hankalina ya fi kwanciya, ko da yake likitan da yake riƙe da fayil ɗin yaron ne kaɗai zai tabbatar miki.

Wani dattijo, tsohon malamin makaranta daga Kumo

'Yata, ina roƙon kada a yi saurin ganin laifin kakar yaron, domin tsoronta yana da tushe. Mu da muka girma mun san abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, inda kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200, yara 11 suka rasu, wasu suka sami nakasa, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka kai ga sulhu da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wannan rauni ne ya taimaka wajen sa mutane su guji allurar shan inna a 2003, kuma har yau bai gama warkewa ba. Saboda haka shawarata ita ce kada ki tafi ke kaɗai ranar Litinin. Ki tafi da mahaifinsa ko wani ɗan'uwa mai karatu, kuma duk abin da aka gaya muku ku nemi a rubuta shi a takarda mai ɗauke da hatimin asibiti. Kiran wayar da aka yi miki babu cikakken bayani kuskure ne, kuma ya dace a faɗa musu haka cikin ladabi.

Wata ma'aikaciyar jinya da ta yi aikin bincike

Baba ya faɗi gaskiya game da Kano, sai dai ina so in ƙara cewa abin da aka yi ƙorafi a kai a can shi ne rashin izinin iyaye da rashin sahihiyar amincewar kwamitin ɗa'a, wato kwamitin da yake duba bincike don kare haƙƙin waɗanda za a yi shi a kansu, kuma bayan wannan ne aka ƙarfafa dokokin da muke aiki da su yanzu. Tun 2007 Nijeriya take da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, akwai Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa a ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, kowane asibitin da yake bincike yana da nasa kwamitin, sannan hukumar NAFDAC ce take ba da izinin gwajin magani.

'Yar'uwa, likita ya kawo miki dalilan da suka shafi sakamako, ni kuma zan kawo miki waɗanda muka fi gani da idonmu a binciken da asibiti ne yake ɗaukar nauyinsa. Mafi yawansu ba su da alaƙa da maganin ko kaɗan. Babban dalili shi ne rashin samun isassun mutane: a tsara cewa za a ɗauki marasa lafiya ɗari uku, a shekara biyu ba a haɗa rabi ba, a ga cewa adadin ba zai ba da amsar da za a dogara da ita ba. Wannan matsala ce ta ko'ina, a binciken ciwon daji da hawan jini da ciwon suga da sauransu. Bayan haka sai ƙarewar kuɗi, wanda ya fi tsanani a yanzu da farashin magani da kayan awon jini suka yi tashin gwauron zabi, sai yajin aiki mai tsawo, sai kuma tafiyar babban mai binciken zuwa wani wuri ba tare da an sami magajinsa ba. Na taɓa zama a ɗaki muna kiran iyaye ɗaya bayan ɗaya don mu shaida musu an rufe aikinmu, kuma na tuna wata uwa da ta riƙe katin ɗanta ta ƙi saki, tana tambaya ko wata mai zuwa za a ƙara auna shi.

Maganar mayar da ƙwayoyi kuwa ba alamar guba ba ce. Duk ƙwayar da aka fitar da sunan bincike ana rubuta ta, kuma idan an rufe sai an ƙirga abin da aka sha da abin da ya rage. Ki kai su a cikin robarsu da takardar da aka liƙa a jiki. Ki tambayi likita ainihin dalilin tsayawa, da rukunin da ɗanki yake ciki da awon da yake sha, domin duk likitan da zai karɓe shi sai ya san wannan. Ki nemi kwafin sakamakon awon jininsa da na awon kai, ki nemi ranar da za a sake duba jininsa, saboda haidroksiyuriya yana iya rage ƙwayoyin jini kuma ba a shan sa babu awo. Ki kuma duba takardar amincewa, akwai sashen da yake faɗin abin da aka yi alkawari bayan kammala aiki. Idan amsar ba ta gamsar da ke ba, lambar sakataren kwamitin ɗa'a na asibitin tana jikin takardar, kuma kai ƙorafi gare su ba ya rage wa yaro haƙƙinsa na samun kulawa.

Wata uwa daga Kaltungo

Ni ma ina da 'ya mai sikila, kuma tana shan wannan magani shekara 4 ke nan ba tare da ta shiga wani bincike ba, likitanta ne yake rubutawa mu saya a kantin magani. Abin da zan ce ki shirya masa shi ne kuɗi, domin maganin da awon jinin da kuɗin mota duk za su dawo kanku. Ki tambaya ko za a ba ku na wasu watanni kafin ku tsaya da ƙafarku, ki kuma nemi sashen jin daɗin marasa lafiya na asibitin. Game da Hajiya kakarsa, ki roƙe ta ta raka ku, ta ji daga bakin likita da kunnenta.

Mai neman shawara, daga Bajoga

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira likitan a daren da na karanta amsoshinku, ya ba da haƙuri a kan yadda aka sanar da ni, ya ce a ci gaba da ba yaron maganinsa. Ranar Litinin muka je da mahaifinsa da Hajiya. An gaya mana cewa yaran da aka samu ba su kai adadin da ake buƙata ba, kuɗin aikin kuma ya ƙare, kuma kwamitin sa ido bai ga wata cutarwa ba. Ɗana yana cikin masu shan matsakaicin awo, an ƙirga ƙwayoyin da na kai, an rubuta masa sabon magani na wata 3, an kuma mayar da shi asibitin masu sikila na ranar Laraba. Hajiya da kanta ta tambayi likita ko za a rubuta mata wannan bayani, aka ce takardar za ta fito mako mai zuwa. Abin da ya rage mini yanzu shi ne awon kai, domin an ce na'urar ta binciken ce kuma ba a tabbatar za ta ci gaba da zama a asibitin ba. Idan akwai wanda ya san inda ake yin wannan awon a Gombe ko Bauchi, don Allah ya sanar da ni kafin watan da za a sake yi masa ya zo.