Wa ya taɓa tura ɗansa sansanin kwana na hutun bazara a nan Amurka?

Maman Ilham

Assalamu alaikum iyaye. Shawara nake nema, amma daga bakin waɗanda suka taɓa yi. Ilham shekararta goma. Ƙawarta ta makaranta za ta sansanin kwana na mako biyu a watan Yuli, can cikin daji a arewacin jihar New York, ita ma ta tasa mu gaba sai ta je. Babanta ya ce sam, yarinyar da ba ta taɓa kwana nesa da mu ba. Ni kuwa zuciyata biyu: hutun nan ya haura wata biyu, dukanmu muna fita aiki, in ta zauna a gida daga talabijin sai waya. Sun ce a ba da kafin alƙalami zuwa ƙarshen Fabrairu. Wanda ya tura nasa, me ya gani?

Baban Sadik

Wa alaikumus salam. Na tura Sadik yana da shekara sha ɗaya, bana ma zai koma. Abin da za ki fara shiryawa shi ne naki ran, domin galibinsu ba sa barin yaro da waya. Ke ki aika saƙo ta intanet su buga a takarda su miƙa masa, shi kuma ya amsa da wasiƙar hannu. Wasiƙarsa ta farko ta kusa sa ni ɗaukar makullin mota: abinci babu daɗi, sauro ya cinye shi, mu zo mu ɗauke shi. Na kira ofishinsu, matar ta ce in duba ranar da ya rubuta. Daren farko ne. Kafin takardar ta iso mana har ya ci jarrabawar iyo, an ba shi izinin shiga kwalekwale. Ranar ɗaukowa sai da muka jira shi yana zagayen sallama da abokai.

Anti Rabi

Baban Sadik, ba kowane yaro ne ke warwarewa haka ba. Tawa ba ta ware ba. Shekara tara, mai surutu, mai shiga mutane, mun ɗauka ita ce ma ba za ta waiwayo mu ba. Ashe da rana lafiya lau, dare ne matsalar. Ta daina cin abinci, ciwon ciki kullum, nas ta duba ba ta ga komai ba. Su da kansu suka kira mu a tsakiyar makon farko, muka je muka taho da ita, kuɗin kuma ko sisi ba a mayar mana ba, haka yake a rubuce a takardar da muka sa wa hannu. Maman Ilham, ki karanta sharaɗin mayar da kuɗi kafin ki ba da komai. Kuma ni a ganina maigidanki yana da hujja. Wadda ba ta taɓa kwana ɗaya a waje ba, ba a fara mata da mako biyu.

Malama Hadiza

Na yi aikin kula da yara a irin wannan sansani ina jami'a, bari in faɗa muku yadda abin yake daga ciki.

Kewar gida kusan kowane yaro yana yi, kuma lokacinta sananne ne: bayan abincin rana da ake hutawa, da kuma in an kashe fitila. Yawanci kwana biyu zuwa uku ta lafa. Waɗanda suka fi ba mu wahala su ne 'ya'yan da aka yi wa alkawarin "in ba ki ji daɗi ba ki faɗa, za mu zo mu ɗauke ki." Yaron da ya zo da wannan magana a kunnensa ba ya ko gwada sabawa, ƙofa kawai yake kallo. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta ja kunnen iyaye a kan wannan alkawari a rahoton da ta fitar kan kewar gida a 2007, ta kuma ba da shawarar a fara gwada yaro da kwana ɗaya ko biyu a gidan dangi.

Sai maganar masu kulawar. Kada ki zaci manya ne. Yawancinmu 'yan shekara sha takwas zuwa ashirin da kaɗan ne, da yawa kuma daga Ingila da Ostireliya da wasu ƙasashe suke zuwa da bizar J-1 don aikin bazara kawai. Akwai na kirki ƙwarai, akwai wanda yawon ganin Amurka ya kawo shi. Ki tambayi shugaban wurin kai tsaye: kwana nawa suke horar da ma'aikata kafin yara su iso, suna binciken tarihin kowa, kuma shin doka ce babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai? In ya fara kame-kame, kin sami amsa. Ki duba kuma ko suna da shaidar American Camp Association, ƙungiyar da ke tantance sansanonin yara. Ba dole ba ce, wuri na iya aiki da lasisin jiha kaɗai, amma wanda ya neme ta ya yarda an zo an duba shi. A ƙa'idarsu, 'yan shekara tara zuwa sha huɗu a sansanin kwana, ma'aikaci ɗaya ga yara takwas.

Hajiya Kaka

Ni dai 'ya'yana, abin nan bai kwanta min ba. 'Ya mace, cikin daji, hannun waɗanda ba ki san asalinsu ba. Jikokina na rana suke zuwa, a kai su da safe a ɗauko su da yamma, su ma suna iyo suna wasanninsu, kuma kowa ya kwana a ɗakinsa. Allah ya tsare mana zuri'a.

Baban Sadik

Amin Hajiya. Na rana ma yana da wani amfanin da ban sani ba sai wajen cike takardun haraji. In yaro bai kai sha uku ba kuma iyaye na aiki, kuɗin sansanin rana yana shiga cikin rangwamen kula da yara na IRS, hukumar harajin Amurka. Na kwana ba ya shiga ko kaɗan.

Maman Ilham

Na gode ƙwarai. Malama Hadiza, maganar alkawarin nan ta taɓa ni, don abin da na yi niyyar faɗa mata ke nan in lallashi babanta. To salla da abinci fa? Shi ne babban abin da yake kafa hujja da shi.

Ummu Yasir

'Yar'uwa, nan ne aikin yake. Namu ya je wanda ba na Musulmi ba, ga yadda muka yi. A fom ɗin abinci na zaɓa masa na marasa cin nama, don ya fi sauƙi a kan in tsaya bayanin yanka ga mai dafa wa yara ɗaruruwa. Abin da ba ya zuwa ran mutum shi ne farar alawar nan ta mashmalo da suke gasawa a bakin wuta da dare, galibinta da sinadarin alade ake yi. Na nemo ta halal na ba su suka ajiye masa, don kada ya zama ɗan kallo ana ci.

Salla kuwa sai da lissafi. A Yuli a wannan yanki asuba tana shiga wajen ƙarfe huɗu, isha'i sai wajen goma, su kuma kafin nan sun kashe fitila. Na yi magana da mai kula da ɗakinsu, ya yarda ya bar shi ya yi isha'i a baranda, na sa masa ƙaramin agogo a ƙarƙashin matashi. Ya ce min wasu ranakun ya makara, ya rama. Ban yi faɗa ba. Abin da ya faranta min rai shi ne yaran ɗakin sun riƙa tuna masa, "lokacin addu'arka ya yi." In kuma maigida ya fi natsuwa da na Musulmi, ƙungiyar matasan Musulmi ta MYNA tana shirya na matasa a jihohi daban-daban, sai dai ki duba shekarun da suke karɓa, ina jin Ilham sai ta ƙara girma.

Injiniya

Ku ƙara da tambayar inda ɗakunan kwana suke. Tun abin da ya faru a Camp Mystic a Texas ranar 4 ga Yuli 2025, da kogin Guadalupe ya cika cikin dare aka rasa yara da masu kula da su 27, ban ƙara kallon hoton sansani a bakin ruwa kamar yadda na saba ba. Kafin in bar tagwayena su tafi na sa adireshin wurin a taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta Amurka, kyauta ce a intanet. Na kuma tambaye su wa ke farke da dare, ta yaya gargaɗin yanayi ke iso musu tunda babu waya a ɗakuna, ina za a kai yara in an ce a tashi. Wuri ɗaya ya turo min tsarinsa a rubuce, shi na zaɓa duk da ya fi nisa.

Sai kaska. A New York da Connecticut da maƙwabtansu tana ɗauke da cutar Lyme, kuma ƙanana ce, a baƙar fata ba ta saurin ganuwa. Ki koya wa Ilham laluba bayan kunne, hammata da bayan gwiwa kowane dare. In an cire ta da wuri hatsarin kaɗan ne, sai ta daɗe a manne take sa cutar.

Baban Amira

Ga masu yaro mai lalura, kada ku cire rai. Amira sikila gare ta, ruwan sanyi kaɗai yana iya tayar mata da ciwo, don haka sansanin gama-gari bai taso ba. Likitarta ce ta nuna mana Hole in the Wall Gang Camp a Connecticut, wanda ɗan wasan fim Paul Newman ya kafa a 1988 don yara masu manyan cututtuka. Akwai likitoci da nas-nas a ciki dare da rana, kuma ba a biyan komai. Can ta fara haɗuwa da sa'o'inta masu irin ciwonta ba a gadon asibiti ba. Wanda kuma kuɗi ne matsalarsa kuma yana cikin birnin New York, ya nemi Fresh Air Fund, tun 1877 suke kai 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi kyauta. Sauran wuraren ma da yawa suna da tallafi, sai dai ba sa tallarsa, sai ka tambaya, kuma da wuri yake ƙarewa.

Anti Rabi

Maman Ilham, tunda Fabrairu da saura, ki kai ta gidan wata 'yar'uwa ta kwana biyu ba waya, ku gani. Ki kuma tambaye su ko suna da na mako guda, da yawa suna da shi don 'yan fari. In dai za ta, ki yi mata ƙananan kitso masu ƙarko, ki haɗa mata hular iyo mai faɗi da man kai, ki nuna mata yadda za ta ɗauraye da kanta. Kullum suna cikin ruwa, kuma a ɗakin da tawa ta zauna babu ko ɗaya cikin masu kula da su da ta san yadda ake taɓa gashinmu.