Tsohon kwaikwayon TriAxis ya fi sabo, wanda bai yarda ba ya fito

Mai Tsirkiya Bakwai: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, shi ya sa na kawo kukana nan. Shekara takwas ina kiɗan jita da tsohuwar na'urata ta dijital mai kwaikwayon amfilifaya, kuma abu ɗaya nake taɓawa a cikinta: kwaikwayon firiyam (sashen farko na amfilifaya, mai tsara sauti) ɗin TriAxis na kamfanin Mesa/Boogie, yanayin sautin da ake kira Lead 2 Yellow. Na sayi sabuwar na'urar kamfanin nan, ba zan kama sunansu ba. Daren jiya na zauna da takarda na kwafe lambobina ɗaya bayan ɗaya, gen (yawan kaushin sauti), tirebul, mid, bes (sama, tsakiya da ƙasan sauti), ban sauya ko ɗigo ba. Na danne tsirkiyar ƙasa da gefen tafin hannu na buga, sai na ji kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani. A tsohuwar idan na riƙe sauti ɗaya yakan tsaya ya kumbura har ya fara kuka da kansa. A sabuwar sai ƙara a sama, ƙasa kuma fayau. Har ƙarfe uku na dare ina murɗe-murɗe. Ni dai na faɗa: tsohon shi ne TriAxis, sabon jabu ne.

Injiniyan Sauti: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka ɗan'uwa. Amma jabu fa ka ce? To tsohon mene ne? Su biyun lissafi ne a cikin kwamfuta. TriAxis na gaskiya akwati ne siriri da ake ɗaurawa a rak, wato kantar jera na'urori, da kwalaben bawul 12AX7 guda 5 a cikinsa. Idan sabon jabu ne, tsohon kakan jabu ne.

Mai Tsirkiya Bakwai: Malam ka gane abin da nake nufi.

Tsohon Hannu: A'a, bar shi ya faɗa, gaskiya ya faɗa. Duk abin da ba ya ɗaukar zafi idan ka kunna shi jabu ne. Ni na riƙe TriAxis na ƙarfe, na haɗa shi da sashen ƙarfi na Simul-Class 2:90, na tsaya gaban sifika huɗu har wandona na kaɗawa. Ku yaran yanzu kuna gardama a kan hoton rago, mu mun ci naman.

Ɗan Situdiyo: Baba, da girmanka, jabu shi ne abin da aka sayar maka da sunan na asali alhali ba shi ba ne. Wa ya yaudari wa a nan? An rubuta kwaikwayo ne, ka saya a matsayin kwaikwayo. Kalmar ba ta hau ba ko kaɗan.

Tsohon Hannu: Kwaikwayo da jabu uwa ɗaya uba ɗaya.

Ɗan Situdiyo: To ai shi kansa Lead 2 Yellow an gina shi ne a kan sautin amfilifayar Mark IIC+ ta Mesa/Boogie ta wajen 1984. Kenan TriAxis ɗinka ma jabun Mark IIC+ ne?

Tsohon Hannu: Kada ka sake haɗa su. Kamfani ɗaya ne, hannu ɗaya, Randall Smith da mutanensa a Petaluma ta jihar Kalifoniya. Mutum ba ya yin jabun kansa.

Injiniyan Sauti: Don Allah mu dawo kan mai tambaya, an bar jaki ana dukan taiki. Ɗan'uwa, kwafe lambobi daga tsohuwa zuwa sabuwa ba gwaji ba ne. Lamba 6 a nan ba lallai ta zama 6 a can ba, domin idan aka sake auna yadda maɓallin ke hawa, wurin da sautin yake ya matsa. Na biyu, a gidan Mark maɓallan tirebul da bes suna gaban kaushin sauti ne, wato kafin a murƙushe siginar. Shi ya sa ka ɗaga bes sosai sai sautin ya zama laka, ka ɗaga tirebul sai gen ya ƙaru. Nauyin ƙasa da kake nema daga baya ake dawo da shi, a TriAxis da maɓallin Dynamic Voice, wanda ke yin aikin da ikwalaiza mai layi 5 ke yi a amfilifayoyin Mark idan an jera shi kamar harafin V. Na uku kuma shi ne babba: TriAxis firiyam ne kawai, rabin amfilifaya. Abin da kunnenka ke ji ya haɗa da kwaikwayon sashen ƙarfi, da kwaikwayon akwatin sifika, da inda aka kafa makirufo. Ka matsar da makirufon SM57 daga tsakiyar sifikar Vintage 30 zuwa gefe da faɗin yatsa biyu, za ka rantse an sauya maka amfilifaya. Shin akwatin sifika iri ɗaya ka sa wa duka biyun? Ka daidaita ƙarfinsu? Bambancin desibel 1 a ƙarfin sauti ya isa ya sa kunne ya zaɓi mai ƙarfin ya ce shi ya fi daɗi.

Mai Tsirkiya Bakwai: Kunnena bai san desibel ba. Shekara takwas nake jin abin nan kullum.

Anti Mai Miksin: Ƙanina, wannan shekara takwas ɗin ita ce amsar. Hannunka ya girma a kan tsohuwar. Ka koyi yadda za ka buga fik, ɗan abin kaɗa tsirkiya, don ta ba ka abin da kake so, ita kuma tana rufa maka asiri a inda hannu ya yi sanyi. Na sha naɗar masu jita, idan aka ba su abin da ke bayyana kowane motsi na fik sai su ce ya bushe. Kwana uku suna bugawa sai su ce ya gyaru, alhali ba a taɓa komai ba.

Mai Tsirkiya Bakwai: Wato yanzu ni ne ban iya ba kenan, Anti?

Anti Mai Miksin: Ban ce haka ba, kada ka sa min magana a baki.

Na Rak: Ni abin da ke ba ni haushi, duk lokacin da aka ce firiyam na rak sai TriAxis, TriAxis. ADA MP-1 ya fito tun 1987 da MIDI, hanyar sarrafa shi daga wata na'ura, da wurin ajiye saiti 128, TriAxis bai zo ba sai farkon shekarun 1990 kuma 90 yake ajiyewa. Marshall ma sai 1992 suka kawo JMP-1. Wa ya buɗe hanya? A ba mai haƙƙi haƙƙinsa.

Tsohon Hannu: MP-1 mai kwalba 2? Ka kawo shi gaban mai 5?

Na Rak: Yawan kwalba ne sauti, Baba? Ka saurari kaɗe-kaɗen ƙarshen shekarun 1980 da kyau, za ka ji MP-1 a cikinsu.

Tsohon Hannu: Makaɗin jita John Petrucci da mutanen ƙungiyar Metallica da suka ɗaura TriAxis a rak ɗinsu kurame ne?

Na Rak: Ban zagi kowa ba. Tarihi na faɗa.

Ɗan Situdiyo: Mu koma kan jabu, don ba a warware ba. Baba, wane TriAxis ne na asali? Kamfanin da kansa ya sauya da'irar Lead 1 Red fiye da sau ɗaya a tsawon shekarun da yake ƙera shi. Ka ajiye guda biyu na shekaru daban-daban, ba za su yi magana ɗaya a wannan yanayin ba. Ko a yanayi ɗaya, kwalba ta tsufa sauti ya sauya. Mai yiwuwa tsohon kwaikwayo an auna shi da akwati ɗaya, sabon da wani akwatin, kuma kowanne ya faɗi gaskiyar wanda ya gani.

Tsohon Hannu: Nawa ne na asali.

Injiniyan Sauti: Maganar ƙudan zuma da ya yi, akwai abin dubawa a ciki. Kaushin sauti yana haifar da ƙananan muryoyi a sama can. Na'urar da ke ɗaukar samfur 48,000 a daƙiƙa ba ta iya riƙe abin da ya wuce Hz 24,000 (girgizar sauti a daƙiƙa), duk abin da ya haura sai ya naɗo ya dawo ƙasa a matsayin ƙazanta marar alaƙa da kiɗan. Maganinsa a ninka saurin lissafin a ciki, kuma wannan yana cin ƙarfin kwakwalwar na'ura. Sabbin na'urori sun fi tsofaffi wannan ƙarfin nesa ba kusa ba. Saboda haka ina kyautata zaton abin da yake ji a sama ba ƙazanta ba ce, hasken da tsohuwar ke yankewa ne. Ya rage saman a sashen sifika zuwa wajen Hz 7,000 ya sake ji.

Mai Kemper: Duk wannan wahalar ta masu lissafin da'ira ce. Tun 2011 da na'urar Kemper ta fito aka huta da ita. Ka kafa makirufo gaban amfilifaya na gaske, na'ura ta tura masa sautin gwaji ta ɗauki halinsa, shi kenan.

Injiniyan Sauti: Ta ɗauki halinsa a saiti ɗaya. A salon ɗaukarta na asali, ka murɗa tirebul daga baya, ba zai ja gen yadda na gidan Mark ke yi ba. Hoto ne na rana ɗaya.

Mai Kemper: Hoton da ya yi kama ya fi zanen da aka yi da ka.

Tsohon Hannu: Kun ji ko? Da bakinku kun ce hoto. Tun na'urar kwaikwayo ta POD ta 1998 ake ce mana bana an kamo kwalba. Kowace sabuwa ta fito sai a ce ta baya ba ta yi ba. Idan ta bara daidai ce, me aka gyara bana?

Ɗan Situdiyo: Wannan tambayar tana da nauyi Baba, na yarda. Amma kusantar abu mataki-mataki ba ƙarya ba ce.

Anti Mai Miksin: Ƙanina, ka naɗi busasshen sautin jitarka sau ɗaya, ba tare da amfilifaya ba. A tura wannan naɗin ta cikin tsohuwa da sabuwa, sifika ɗaya, ƙarfi ɗaya, a ɓoye suna. Ka saurara ido rufe sau goma ka rubuta zaɓinka. Mu ma mu ji.

Mai Tsirkiya Bakwai: Ga wanda na ɗauka da waya jiya, na tsohuwar a farko, na sabuwar na biyu, ku ji da kanku.

Injiniyan Sauti: Da waya, a ɗaki, ga fanka tana juyawa, kuma na farkon ya fi na biyu ƙarfi a fili. Wallahi ba za a iya yanke hukunci da wannan ba.

Tsohon Hannu: Ni na ji. Duka biyun roba ne, amma na farkon ya fi kusa.

Na Rak: Ɗazu ka ce duka jabu ne, yanzu kana zaɓe a cikinsu?

Tsohon Hannu: Yaro, ka iya bakinka.

Mai Kula da Zaure: Ya isa haka, a girmama manya. Bari in tattara. Jama'a sun haɗu a kan cewa babu na'urar dijital da ta kai TriAxis na kwalba, kamar yadda Baba ya bayyana da gogewarsa. An kuma ji naɗin, tsohon kwaikwayo ya fi kusa da na asali, don haka mai tambaya yana da gaskiya. Sauran bayanan lambobi da aka kawo ba su sauya abin da kunne ya ji ba. Ni ma nawa na kwalba yana nan, ba zan rabu da shi ba.

Ɗan Situdiyo: Ranka ya daɗe, su wane ne suka haɗu? Mutum ɗaya ne ya faɗi haka, sai kai na biyu.

Mai Tsirkiya Bakwai: Injiniya, na duba yanzu. A tsohuwar akwatin sifika huɗu ne, a sabuwar ashe mai sifika ɗaya ne a kai. Na sauya, ƙasan ya dawo. Amma kukan nan da sauti ke yi idan na riƙe shi har yanzu bai kai na tsohuwar ba, kuma ban janye maganata ba. Dynamic Voice ɗin nawa zan sa?