Mota mai tuƙa kanta: shin za a iya koya mata sanin daidai?

Injiniya Auwal: Ni dai ina nan kan bakana. Na'ura za ta fi direba adalci a kan titi. Ba ta gyangyaɗi, ba ta shan ƙwaya, ba ta latsa waya. In ana son ta san daidai, sai a tambayi jama'a a koya mata. An ma fara: a 2016 jami'ar MIT ta Amurka ta buɗe shafin Moral Machine, a nuna maka mota birki ya tsinke, ka zaɓi wanda za ta kauce wa. Sun tara amsa kusan miliyan 40 daga ƙasashe da yankuna 233.

Malama Hadiza: To Injiniya, ka ƙarasa labarin mana. Da sakamakon ya fito a mujallar Nature a 2018, ai baki bai zo ɗaya ba. Ƙasashen Yamma sun fi karkata ga ceton yaro a bar tsoho, amma a Japan da Indonesiya da Saudiyya wannan fifikon ya yi rauni sosai. Abin da ya fi tayar mini da hankali, mutane sun fi tausayin kare a kan mai laifi. Wannan za a ɗura wa mota?

Injiniya Auwal: Yaya Hadiza, sai a tace. Ba duk abin da aka tara za a ɗauka ba.

Malama Hadiza: Wa zai tace? Ka ga mun koma hannun mutum ke nan. Wani kwamiti da Jamus ta kafa kan motoci masu tuƙa kansu ya ce a 2017 kada mota ta bambanta mutane da shekaru ko jinsi. Wato sun ƙi bin ra'ayin masu rinjaye, kuma ina tare da su.

Malam Isa: Ku dakata, 'ya'yana. Kun tsaya kan wanda za ta zaɓa, ni alhaki nake tambaya. A Maris 2018 motar gwaji mai tuƙa kanta ta kamfanin Uber ta kashe wata mata a garin Tempe na jihar Arizona a Amurka, da dare, tana tura keke za ta tsallaka titi. Bincike ya nuna na'urar ta hango ta fiye da daƙiƙa biyar kafin ta buge ta, amma ta yi ta sauya mata suna, yanzu mota, an jima keke. Ba a shirya ta don mai tsallakawa a inda babu alamar tsallaka titi ba. Matar da aka zaunar a kujerar direba don sa ido kan motar ita aka kai kotu, kamfanin kuwa ba a tuhume shi da laifi ba. A fiƙihunmu na Malikiyya, in shanu suka shiga gona da dare, mai su ke biya. Ba a tambayar saniya niyyarta. Na'ura ba mukallafa ba ce, don haka dole a san mai ita.

Injiniya Auwal: Allah gafarta Malam, ban musa ba. Amma in ta rage mace-mace a hanyar Kaduna zuwa Kano fa? Rayukan da direbobi ke salwantarwa su ma rayuka ne.

Malam Isa: In ta rage, alhamdu lillahi, a kawo ta. Sai dai kafin ta hau titi a rubuta sunan wanda zai biya diyya.

Malama Hadiza: A kuma fara gwada ta a bakin kasuwar Kwari da yamma, inda kowa ke tsallakawa ta inda ya samu. Auwal, za ka yarda 'yarka ta tsallaka a gabanta?

Injiniya Auwal: Yau a'a. In na ga shekarun gwaji a titi irin namu, zan yarda.