Dan Allah in ba ɗana Shaihu Umar ya karanta ko in dakata?

Maman Abba:
Slm 'yan uwa, shawara nake nema. Jiya ina gyaran akwatin marigayi maigidana na ci karo da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, rabona da shi tun muna sakandare, na zauna ban tashi ba sai da na kai ƙarshe, wlh har da kuka. Da can labarin Umar kawai nake bi, yanzu kuwa uwarsa ce ta tsaya min a rai, yadda ta fita neman ɗanta ita kaɗai aka yaudare ta aka sayar da ita baiwa, ta keta Sahara, ta gan shi ɗin kuma ba ta jima ba ta rasu. To ɗana shekararsa 11, tun rasuwar babansa ya zama shiru-shiru, ya ga littafin yana ta nacin in ba shi. Tsorona kar in fama masa ciwo tunda Umar ma maraya ne.

Baban Yusra:
Allah ya jiƙan maigida Hajiya. Ni dai ki ba shi, mu ma a shekarunsa muka karanta ba abin da ya same mu, abin da na riƙe kawai kurar da ta cinye ɓarawon da ya sace Umar.

Anti Malama:
Ki ba shi amma kar ki bar shi da shi shi kaɗai a ɗaki. Ku riƙa karantawa tare bayan isha'i, shafi biyu uku, in kun zo wajen da fadawa suka ƙulla wa Makau, mijin uwar Umar, sharri a gaban sarki aka kore shi daga gari ki tambaye shi me ya gani. Yaron da ba ya magana a kan kansa sau da yawa a kan wani yake iya buɗe baki, na sha gani a aji.

Ɗan Zazzau:
Gsky ni na saɓa. Ki fara masa da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya ɗan yi dariya tukuna, sa'annin juna ne ma, gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 ce ta haife su aka buga a 1934.

Maman Abba:
Na gode ƙwarai. Ruwan Bagaja ya karanta a makaranta. Anti yau da dare za mu gwada, amma wajen rasuwar uwar nan ban san ko muryata za ta iya ba.

Anti Malama:
In kun kai nan miƙa masa ya karanta miki.