Neman shawara: ina son aikin rage hayaƙi a masana'antar ƙarafa, ta ina zan faro?

Mubarak: Assalamu alaikum, yayye da malamai. Na kammala digiri a injiniyancin ƙarafa, ina jiran bautar ƙasa. Ina son in ƙware a fannin narka ƙarfe ba tare da hayaƙin kabon mai yawa ba. Wasu sun ce in nemi digiri na biyu kan haidurojin a Turai, wasu sun ce in fara shiga masana'anta a gida. Wanne ya fi? Me kuma masu ɗaukar aiki suke dubawa?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam, ƙanena. Fara da sanin inda hayaƙin yake fitowa. Duniya na sarrafa ƙarfe kusan tan biliyan 1.9 a shekara, kusan kashi 70 cikin 100 ta dogon tanderu mai cin gasasshen kwal. Wannan hanya na fitar da kimanin tan 2.3 na iskar kabon a kan kowane tan na ƙarfe. Tanderun lantarki mai narka tsofaffin ƙarafa kuwa kusan 0.7 ne. Hanyar DRI, wadda iskar gas ke cire wa tama iskar oksijin ba tare da an narka ta ba, tana tsakiya, wajen 1.4.

Kwal a dogon tanderu ba don zafi kawai ake zuba shi ba. Shi ke janye oksijin daga tama, shi ke riƙe nauyin kayan da aka loda, iska ta samu hanyar ratsawa. Shi ya sa ba a musanya shi da hasken rana kai tsaye. Wanda bai gane wannan ba, a tambaya ta farko za a kayar da shi.

Dakta Rabi: Mubarak, ɗauki biro ka yi wannan lissafi da kanka. In aka sa haidurojin a madadin iskar gas a hanyar DRI, cire oksijin daga tama don samun tan ɗaya na ƙarfe na cin haidurojin kilo 54 a takarda, a aikace ya ɗara haka. Kowane kilo na buƙatar lantarki kWh (yunit na mitar wuta) 50 zuwa 55 a injin raba ruwa mai fitar da haidurojin. Haɗa da narkawa, ka kai kusan MWh 3.5 (wato kWh 3,500) a kowane tan. Masana'anta mai tan miliyan ɗaya a shekara za ta sha kusan megawat 400 dare da rana, fiye da rabin ƙarfin dam ɗin Kainji mai megawat 760.

Ga matsalolin da ake biyan mutane kuɗi su warware. Haidurojin na shanye zafi yayin da yake aiki a kan tama, saɓanin iskar CO (kabon monoksaid, wadda ake samu daga kwal ko gas) mai fitar da zafi, don haka dole a ƙara dumama iskar kafin ta shiga. In zafin ya yi yawa, dunƙulallun tamar su manne da juna su toshe tanderu, shi ya sa ake shafa masu farar ƙasa ko siminti. Ƙarfen da ya fito ba shi da kabon, alhali tanderun lantarki na son kabon don kashin ƙarfe, wato dattin da ke tasowa a saman narki, ya yi kumfa ya lulluɓe tartsatsin wutar. In babu kumfar, bangon tanderu ya cinye da wuri, nitirojin ya shiga ƙarfen. Sannan DRI na iya kama wuta da kansa in ya jiƙe, sai an matse shi da zafi ya zama bulo kafin a loda shi a jirgin ruwa.

Koyi lissafin shigar kaya da fitarsu da na zafi har ya zauna maka, sannan manhajojin lissafi na kwamfuta: FactSage ko Thermo-Calc, da Aspen Plus. Shafin steeluniversity yana da tanderun gwaji na kwamfuta, ka riƙa narka ƙarfe a ciki.

Malam Sani: Da izinin Dakta, kada a ɗora wa yaron nan haidurojin kaɗai. Gaskiya ne shirin HYBRIT na Suwidin ya kai wa kamfanin motoci na Volvo ƙarfen farko da aka yi da haidurojin a 2021, kamfanin Stegra kuma ya fara gina irin wannan masana'anta a garin Boden na can. Amma a watan Yunin 2025 babban kamfanin ƙarafa ArcelorMittal ya janye shirinsa na Bremen da Eisenhüttenstadt a Jamus, duk da tallafin yuro biliyan 1.3, saboda tsadar lantarki da haidurojin. Wanda ya ƙware a abu ɗaya tak, in an jingine aikin, shi ma an jingine shi. Tanderun lantarki kuwa ana ta gina shi. A Port Talbot ta Birtaniya an kashe dogayen tanderu a 2024 don a koma tanderun lantarki.

Injiniya Bala: Maganar Malam Sani ta dawo da mu gida. Dogon tanderun Ajaokuta bai taɓa fitar da narkakken ƙarfe ba. Masana'antar Aladja ta jihar Delta kuwa, tun 1982 da fasahar DRI ta Midrex da tanderun lantarki aka buɗe ta. Cikas ɗinta tama ce: ta Itakpe ƙarfenta wajen kashi 36 ne, DRI kuma na son kashi 67 zuwa sama. Tace tama fanni ne da duniya ke neman ƙwararrunsa, domin tama mai wannan daraja ta yi ƙaranci.

Rodin da ake narkawa a Najeriya yau, yawancinsa daga kayan 'yan gwangwan ne. Nan ilimi yake. Jan ƙarfe na waya da injin fanka in ya shiga narki ba ya fita, kuma shi ke sa ƙarfe tsagewa lokacin murzawa da zafi. Rodi na jure jan ƙarfe wajen kashi 0.4 cikin 100, falle na jikin mota kuwa ƙasa da 0.1 yake so. Jiƙaƙƙen ƙarfe ko rufaffiyar tukunyar gas in ta faɗa tanderu, fashewa ce mai kisa. Nemi bautar ƙasa a irin wannan masana'anta, ka riƙa rubuta kWh nawa kowane narki ya ci da mintin da murfi ya zauna a buɗe. Shekara biyu a gaban tanderu, sannan digiri na biyu.

Hajiya Binta: Akwai ƙofar da ba a ambata ba: ƙididdigar hayaƙi. Dokar CBAM ta Tarayyar Turai, mai sa kuɗi a kan hayaƙin kayan da ake shigar da su Turai, ta fara da matakin kai rahoto a Oktoban 2023, ta shiga matakin biyan kuɗi daga Janairun 2026, ta shafi ƙarafa, siminti, alminiyam da takin zamani. Duk mai sayar wa Turai yana buƙatar wanda zai lissafa kabon ɗin kowane tan. Karanta ƙa'idojin duniya na lissafin hayaƙi, ISO 14404 da ISO 14064. Kuskuren da aka fi yi shi ne shata iyaka: a manta da hayaƙin lantarkin da aka saya, ko na farar ƙasa da sandunan kabon na tanderu da ke ƙonewa, mai tantancewa ya dawo da rahoton.

Mubarak: Allah ya saka da alheri. In masana'antar ƙarafa ba ta samu ba fa?

Dakta Rabi: Karɓi ta siminti, Sakkwato ko Ashaka ko Obajana. Wajen kashi 60 na hayaƙinta daga gasa dutsen farar ƙasa yake fitowa, ba daga makamashi ba, kuma lissafin zafin da za ka koya a tanderunta zai yi maka aiki a na ƙarfe.