Jijiyar cinya na ɗaurewa a awa ta uku cikin zafi, ina gyaran yake?

Assalamu alaikum masana tseren keken duwatsu. Ɗan wasanmu yana shirin gasar Cape Epic ta Afirka ta Kudu, wadda ake yi a watan Maris, kwana 8, mutum biyu-biyu. Matsala ɗaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Duk ranar da zafi ya haura digiri 35, da an shiga awa ta uku, a kan hawa mai tsayi sai jijiyar cikin cinyarsa ta ɗaure, har ya kasa juya feda. Yana shan ruwa mililita 750 a awa, da sodiyam (sinadarin da ke cikin gishiri) miligiram 500 a kowace lita, da sukari giram 80 na jel (sukari mai kauri na 'yan wasa) da ruwan gora. Bayan awa 4 ya sauke kilo 2.5 daga 68, rigarsa duk farin gishiri ya bushe a kafaɗa. Ya yi kwana 12 na sabawa da zafi.

Da aka ƙara ruwan zuwa lita ɗaya, cikinsa ya kumbura, yana jin ruwan na kaɗawa a gangara. Zatona sukarin gorar ne ya yi kauri, shi ya sa ciki ba ya saurin sauke shi.

Don Allah, a kai sodiyam miligiram 1,000 ne, ko a ware gora ɗaya ta zallan ruwa? Ko kuwa gajiyar tsoka ce saboda giyar keke mai nauyi da yake hawa da ita? Dokar gasar ba ta yarda ya yi nisan fiye da minti 2 da abokinsa ba, don haka tsayawa miƙe ƙafa na cinye musu lokaci su duka biyun.